Ƙaramar Mesa: Daga Ramin Gafiya Zuwa Kasuwar Launi

A unguwar Turaki ta Jalingo, kamar sauran unguwannin ƙasar Muri, ba a tsayawa tambayar maciji ko shi wane ne. Da an yi ihun "ga maciji", mai sanda ya rarumo sanda, mai taɓarya ta ɗauko taɓarya, sai an farfasa kansa sannan a tsaya musun ko wane iri ne. Baƙon da bai san kwarin Binuwai ba yana iya ganin an yi garaje. Ɗan ƙasa kuwa ya san abin da ya jawo haka, domin da wuya a sami dangin da ba su taɓa yin jinyar saran maciji ba, ko a gari ko a ƙauye. Sai dai cikin waɗanda sandar ke faɗa wa akwai wata gajeriyar mesa marar dafi, mai tsananin tsoro, wadda in ta firgita ba ta sara, sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiyar jikinta. Wannan mesar ce ta zama macijin da aka fi kiwo a gidajen Amurka da Turai, har launin fatarta ya zama sana'a mai tarihin da ya haura shekara 30.

Jalingo kanta ba tsohuwar alƙarya ba ce. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa ta a matsayin sansanin yaƙi a 1893, bayan an ci garin Kona a ƙarshen 1892 da taimakon bindigogin wani sojan Faransa, Louis Mizon. Sansani ya zama fada, fada ta zama gari, sannan a ranar 27 ga Agusta 1991 gari ya zama babban birnin sabuwar jihar Taraba da aka yanko daga Gongola. Duk da haka garin bai rabu da gona ba. Doyar Mumuye, masarar fadama, shinkafar bakin kogi da gyaɗa su ne ke cika kasuwa, kuma ma'aikacin gwamnati da yawa in ya tashi daga ofis gona ya nufa. Inda hatsi yake akwai ɓera, inda ɓera yake kuma maciji ba ya nisa.

Macijin da ya sa wa mutanen wannan kwari tsoro shi ne kububuwa, wadda ake yi wa kirari da gobe-da-nisa. Ba ta da wani girma, da kyar take wuce kamu ɗaya, launinta irin na ƙasa da busasshen ganye, kuma in ta fusata takan goga ɓawon jikinta da juna ta ba da wani sauti na kurzawa kafin ta kai sara. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum na iya tashi ya koma gida da ƙafarsa, kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara tsattsafowa daga dasashi, ko daga wani tsohon miki da aka manta da shi, wani lokaci kuma a cikin ƙwaƙwalwa. Tsallaken Binuwai daga Jalingo, a ƙasar Karim Lamido, akwai garin Bambur, kuma asibitin mishan na garin yana cikin wuraren da likitoci suka fara nazarin wannan sara da idon basira a shekarun 1970, lokacin da David Warrell yake aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Wani ƙiyasi da aka buga a 1980 ya nuna cewa a wannan yanki mutum kusan 500 cikin kowane 100,000 maciji ke sara duk shekara, kuma fiye da ɗaya cikin goma na waɗanda aka sara ba sa tashi.

Daga aikin waɗancan shekarun aka sami wani gwaji mai sauƙi da har yau ake amfani da shi a ƙasashe da dama. A ɗibi ɗan jinin wanda aka sara, a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye ta minti 20 ba tare da an girgiza ba, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In ya kwararo kamar ruwa, dafi ya shiga, a nemo allurar maganin dafi. Allurar ce matsalar, shekara da shekaru. Sai da likitocin Najeriya, cikinsu har da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano, suka haɗa hannu da masana na Libaful da na Kosta Rika, aka riƙa kai macizan Najeriya Ingila ana tatsar dafinsu, sannan aka samar da magungunan EchiTAb, waɗanda aka gwada a asibitin Kaltungo ta jihar Gombe aka buga sakamakon a 2010. Har gobe ana ɗaukar mutanen Taraba zuwa Kaltungo, musamman lokacin shuka da lokacin girbi.

Wanda ya tashi cikin wannan yanayi, in aka ce masa akwai masu sayen maciji da tsabar dala su ajiye a ɗakin kwanansu, dole ya yi mamaki. Amma ƙaramar mesa ba ta haɗa komai da kububuwa ba in ban da jan ciki. Tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, jikinta kauri gare shi, kanta ƙarami, fatarta baƙa-baƙa ce da zanen ruwan ƙasa mai ɗaukar ido. Ƙasarta ita ce dajin ciyawa da gonaki tun daga Sanagal har Sudan da Yuganda, kuma kwarin Binuwai na cikin wannan shimfiɗa. Da rana tana kwance a ramin gafiya ko cikin tsohon suri, da dare ta fito neman ɓeraye da 'yan tsuntsaye. Macen takan yi ƙwai da rani, yawanci tsakanin huɗu zuwa goma, ta nannaɗe su da jikinta kusan wata biyu ba ta cin komai har su ƙyanƙyashe. Manomin da ya kashe ta ya rage wa kansa mai gadin rumbu, kuma wannan asara ce ta gaske ko da ba a ganin ta a take.

Bahaushe ya daɗe da sanin mesa ta fuska biyu. Ta farko ita ce ta gardawa, masu yawo kasuwa-kasuwa da macizai a akwati ko a buhu, makaɗi na biye da su, a kafa da'ira, a rataya mesa a wuya, a ciro gamsheƙa ta fasa kai, daga nan a shiga tallar layu da garin maganin sara. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata tawagar masu wasa da kura tsakanin 2005 da 2007, kuma a hotunansa ana ganin manyan mesa tare da kuraye da birai. Fuska ta biyu ita ce ta majema da dukawa: fatar mesa da ta guza da ta kada sun daɗe suna zama jaka da takalmi da kube a hannun masu aikin fata na Kano. Duk a cikin biyun babbar mesa ce ke da daraja, don ita ce ke cika ido a filin wasa, ita ce kuma ke ba da fata mai faɗi. Ƙaramar ba ta da wannan kasuwa sosai.

A kudu da yamma labarin daban ne. A Wida ta ƙasar Binin akwai ɗakin bauta da aka keɓe wa wannan mesar, yana fuskantar babban cocin Katolika na garin, kuma har yau macizan na nan a ciki, masu yawon buɗe ido na zuwa kallo. Willem Bosman, wani ɗan kasuwar Holan da ya zauna a gaɓar tekun a ƙarshen ƙarni na 17, ya ba da labarin yadda a 1697 wani alade ya cinye maciji mai tsarki, sarki ya ba da umarni a bi aladun ƙasar a karkashe. A wasu sassan ƙasar Ibo ma ba a kashe mesa, wanda ya kashe bisa kuskure sai ya yi mata jana'iza, kuma Chinua Achebe ya gina wani babban rikici na littafinsa Arrow of God a kan yaron da ya kulle ta a akwati. Wannan girmamawa ta taimaka wajen yawaitar macijin kusa da gidajen mutane a kudancin Togo da Binin, kuma daga can ɗin ne fataucinsa ya fi ƙarfi.

Tun daga shekarun 1970 jiragen sama suka fara kwasar ta daga Akara da Lome da Kwatano. Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta fara aiki a 1975, kuma littattafanta sun nuna cewa fiye da ƙananan mesa miliyan uku aka fitar da rai daga Ghana da Togo da Binin tun daga wancan lokaci, mafi yawa zuwa Amurka. Babu wata dabbar Afirka cikin jerin yarjejeniyar da aka fitar da rai da yawan haka. Da farko manya ake kamawa, amma babbar da aka kamo daga daji takan ƙi cin abinci wata da watanni, ga kaska ga tsutsar ciki, da yawa suna mutuwa a hannun masu saye. Sai aka sauya dabara. Mafarauta, waɗanda akasarinsu manoma ne masu neman na cefane da rani, su bi ramuka da fartanya, su tono mata masu ciki ko ƙwan da aka riga aka saka, a ajiye a gida ko a gonakin 'yan kasuwa har a ƙyanƙyashe, a tura jariran. Ƙa'ida ta ce a mayar da iyayen daji tare da wani kaso na 'ya'yan. A shekarun baya Togo kaɗai ta daɗe tana da izinin fitar da 62,500 na irin wannan a shekara. Masu binciken da suka bi mafarautan sun ji daga bakinsu cewa macijin ya ragu, sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗaga matsayinsa zuwa jerin waɗanda ke dab da shiga haɗari.

A farkon wannan fatauci maciji ne mai araha, na masu fara koyo. Abin da ya juya kasuwar shi ne wata halitta da akan ci karo da ita jefi-jefi cikin dubban da ake tonowa: zabiya. Jikinta fari da rawaya, idanu jajaye, babu ɗigon baƙi ko ɗaya. A ƙarshen shekarun 1980 aka kai irin wannan Amurka daga Afirka ta Yamma, ta shiga hannun wani mai kiwo a Oklahoma, Bob Clark. Ya haɗa ta da masu launi na yau da kullum, 'ya'yan suka fito kamar kowace mesa. Bai karaya ba. Ya raine su, ya sake haɗa jinin da jinin, kuma a 1992 zabiyoyin farko da aka haifa a hannun mutum suka fasa ƙwai. Kowace ɗaya an sayar da ita dubban daloli.

Daga nan ido ya buɗe. A 1997 Peter Kahl na Maryland ya tabbatar da cewa mai dabbare-dabbaren fari, wadda rabin jikinta yake fari fat kamar an goge zanen, ita ma gado ce ba tsautsayi ba. A shekarar dai Greg Graziani na Florida ya fitar da mai hasken rawaya da aka sa wa suna Pastel. A 1999 Kevin McCurley na New Hampshire ya fitar da mai siririn zane irin na saƙar gizo-gizo, Dave da Tracy Barker na Texas kuma suka fitar da wadda ake kira Clown. Kusan dukkan waɗannan launuka na asali daga ramukan Afirka ta Yamma suka fito. Wani manomi ne ya tono kowace ɗaya, ya ga ta bambanta, ya kai wa dillali. Sunayen Amurkawan da suka yi kiwon suna nan a rubuce, sunayen waɗanda suka tono kuwa babu wanda ya damu ya rubuta, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata a faɗe shi.

Ilmin da ke ƙarƙashin sana'ar tsoho ne. Gregor Mendel ya gano shi a kan wake a lambun wani gidan ibada a Brno ya buga a 1866. Mai karatu a Jalingo ya riga ya san shi ta wata hanya, wato gwajin jini kafin aure. Kowa ya ji cewa mai AS lafiyarsa ƙalau amma yana ɗauke da ƙwayar sikila, kuma in ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Haka zabiya da mai dabbare-dabbare suke a jikin mesa: ɓoyayyen gado ne, sai ɗa ya karɓo daga uwa ya karɓo daga uba kafin ya bayyana. Maciji mai ɗauke da ƙwaya ɗaya ba a gane shi da ido, shi ya sa a wannan kasuwa ake sayar da maciji mai kamar kowa da tsada saboda abin da aka ce yana ɗauke da shi. Amana ce kawai, kuma an cuci mutane da yawa ta nan, domin sai bayan shekara biyu ko uku mai saye zai gane ko gaskiya aka gaya masa. In aka haɗa masu ɗauke da ƙwayar guda biyu, aka sami ƙwai shida, ana sa ran ɗaya ko biyu su fito zabiya, amma yana yiwuwa a tashi babu ko ɗaya, tun da kowane ƙwai da rabonsa.

Akwai kuma gado na fili, wanda ƙwaya ɗaya ta isa ta nuna shi. Pastel da Mojave da Lesser na cikin wannan. A haɗa ɗayansu da mesa ta yau da kullum, wajen rabin 'ya'yan za su ɗauko launin tun a zubin farko. In aka haɗa biyu masu ƙwaya iri ɗaya kuma, kaso ɗaya cikin huɗu kan fito da wata kama ta dabam. Mojave da Lesser, alal misali, in suka haɗu a jiki ɗaya sukan ba da farar mesa mai shuɗin ido, wadda lokacin da ta fara fitowa masu kiwo suka yi ta rububinta. Da aka fara ɗora wannan launi kan wancan, sai haɗe-haɗen suka kai dubbai, kowanne da sunansa, ana baje kolinsu a manyan tarukan Daytona ta Amurka da Hamm ta Jamus, ana kuma cinikinsu a intanet.

Tsofaffin hannu suna da shawarar da suke ba wanda zai fara, kuma ta samo asali ne daga jikin dabbar. Mace ba ta isa haihuwa sai ta kai wajen shekara uku da nauyin kilo ɗaya da rabi, namiji kuwa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe shi. Don haka mata ake fara saye a raine su, a jinkirta sayen namiji, tun da farashin launinsa zai sauka kafin matan su isa. Namiji ɗaya yana iya hawa mata da dama a kaka ɗaya, saboda haka a kansa ake zuba kuɗin launi mai tsada. Sabon maciji akan ware shi wata biyu ko uku kafin ya kusanci sauran, don gudun ƙwari da ciwon huhu. In an sami ƙwai a kwashe a sa a akwatin ɗumi mai zafin digiri 31 zuwa 32, a jira kwana 55 zuwa 60. Kafin duk wannan kuma, sai mutum ya tabbata yana da inda zai riƙa samun ɓeraye kowane mako, ya kuma san wanda zai sayi 'ya'yan. Dabba ce mai tsawon rai, shekara 30 ba abin mamaki ba ne gare ta. A 2020 wata da ke gidan namun daji na St. Louis, mai kimanin shekara 62, ta saka ƙwai bakwai alhali ta fi shekara 15 ba ta kusanci namiji ba.

Sana'ar tana da tabonta. Mai zanen gizo-gizo, wadda ta yi tashe sosai don kyanta, tana zuwa da wata lalura da ba ta rabuwa da launin: kanta na rawa, wani lokaci ta karkace ta kasa saita abin da za ta cafka. Binciken da aka yi ya nuna nakasa a cikin kunnenta na ciki, inda dabba ke riƙe daidaiton jiki. Ƙungiyar masu kiwo ta Ingila ta hana sayar da ita a tarukanta, amma har yanzu akwai masu haifar da ita suna cewa ai tana ci tana haihuwa. Wannan hujja ba ta gamsarwa. Wanda ya san abin da zai fito kuma ya haɗa da gangan don launi ya yi kyau, ya fifita idonsa a kan lafiyar dabbar. Wasu haɗe-haɗen ma 'ya'yan kan mutu tun a cikin ƙwai, wasu su fito da karkataccen gadon baya.

Kuɗin ma ba ya tsayawa inda yake. Kowane sabon launi kan fara da tsada mai ban tsoro, waɗanda suka saya da fari su hayayyafa shi, cikin 'yan shekaru ya cika kasuwa farashi ya rushe. Zabiyar da aka yi wa layi a 1992 yau 'yan ɗaruruwan daloli ce, Pastel kuwa ta kusa zama kyauta. Masu cin riba su ne waɗanda suka riƙe launi tun yana hannu ɗaya ko biyu, sai masu sayar da akwatuna da na'urar ɗumi da daskararrun ɓeraye. Wanda ya shigo a makare da tunanin zai yi arziki sau da yawa yakan ƙare da ɗaki cike da macizan da ba mai saye. A 'yan shekarun nan masana a Amurka da Kanada sun fara gano ainihin ƙwayoyin halittar da ke ba da waɗannan launuka ta hanyar gwada saɓar da macijin ya yar, abin da ya sa yanzu ana iya tantance mai ɗauke da ɓoyayyen gado ba sai an jira shekaru ba.

Najeriya ba ta shiga wannan fatauci a hukumance ba kamar maƙwabtanta na yamma. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta sanya mesa, babba da ƙarama, cikin dabbobin da aka hana cinikinsu zuwa ƙetare, kuma an yi wa dokar gyara a 2016 aka ƙara tsananin tara. Saurayin Turaki da ya ga fararen macizan nan a wayarsa ya yi sha'awar gwadawa zai tarar da doka a gabansa, ga rashin masu saye a gida, ga maƙwabta da ba za su yarda su kwana kusa da akwatin macizai ba, kuma suna da hujjarsu. Abin da yankin ya fi bukata daga wannan ilmi ya fi kusa da haka: yara da manoma su iya bambance kububuwa da mesa, a sa dogon takalmi lokacin girbi, a riƙe tocila da dare, a daina ɗaure ƙafa da tsaga wurin sara, a garzaya asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, kuma a 2019 ta sa burin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. A kwarin Binuwai cikar wannan buri ta dogara ne ga samun allurar a asibitocin Jalingo da Karim Lamido da Lau a watannin shuka da girbi, a kan farashin da manomi zai iya biya.